Hannun jarin kamfanin fasaha ya faɗi: a riƙe ko a saki?

Daga Mabera:
Salamu alaikum. Hannun jarin wani kamfanin fasaha na Amurka ya sauka da kashi 40 cikin ɗari a wata shida. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuke dubawa kafin ku riƙe ko ku sayar?

Daga Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Malam, fara mance farashin da ka saya, kasuwa ba ta san da shi ba. Buɗe rahoton wata uku na ƙarshe, wanda ake kira 10-Q, kyauta yake a shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka. Gwada cinikin da na irin wannan lokaci bara. Sai ka duba tsabar kuɗin da ke saura bayan an biya albashi da kayan aiki. In rahoto uku a jere kuɗi fita suke, ana cin bashi ana toshe ɓaraka, ciwon a jikin kamfanin yake. Haka Intel ta kai ga dakatar da rabon riba a Agustan 2024, ta ce za ta rage kashi 15 na ma'aikata, farashi ya zube kashi 26 a yini ɗaya. Meta kuwa, mai Facebook, a 2022 farashin hannun jarinta ya sauko daga sama da dala 330 zuwa ƙasa da 90, amma a shekarar ta ci ribar da ta haura dala biliyan 23. Masu jari ne suka firgita, shagon bai daina ciniki ba.

Daga Arkilla:
Alhaji ya yi gaskiya, sai dai a ƙara da lissafi. Abin da ya faɗi kashi 40 sai ya tashi kusan kashi 67 kafin uwar kuɗi ta dawo. "Zai dawo" kuma ba ta da rana: Cisco ta shafe sama da shekara 20 ba ta koma farashinta na Maris 2000 ba.

Daga Runjin Sambo:
Akwai abin da mutanenmu ke mantawa. A ma'aunin halaccin jari na AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa. Da farashi ya faɗi darajar ta ragu, bashin kuma yana nan. Kamfani mai darajar biliyan 100 da bashin 20 ya tsallake; in darajar ta koma 60, bashin ya zama kashi 33. Sake aunawa, ka kai wa malaminka alƙaluman.

Daga Tudun Wada:
Yaya, yi lissafin da dala, kada naira ta ruɗe ka. Wanda ya saya farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, ya duba a 2024 ta haura 1,500, zai ga "riba" ko da darajar jarin ta ragu da rabi. Canji ne ya rufa masa asiri.

In sayarwa za ka yi, kafa farashin da ka yarda da shi a manhajar da kake cinikin hannun jari, kada ka ce a sayar ko nawa ne. Kasuwar New York na buɗewa 2:30 na rana agogonmu, daga Nuwamba zuwa Maris kuma 3:30, rabin awar farko farashi tsalle-tsalle yake yi. Bari ta lafa. Ba dole ba ne ka saki duka: sayar da rabi, sauran su jira rahoto na gaba.

Daga Mabera:
Na gode ƙwarai. Alhaji, a wane sashe na 10-Q ɗin ake samun adadin bashin?