An kira ni aiki a kamfanin sarrafa abinci, ya aikin yake?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani babban kamfani mai sarrafa abinci ya kira ni aiki a sashen zuba kaya a leda. Sun ce har da aikin dare, ga matata da tsohon ciki, hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara 6 na yi a bakin inji. Tsayuwa ce ta fi ba ni wahala, awa 8 ƙafa ba hutu, don inji ba ya jiran kowa. Kafin ka shiga sai ka wanke hannu, ka sa hular raga, ka cire agogo da zobe, saboda akwai na'urar da ke gano ƙarfe a cikin kaya. Ran da aka buga lambar ranar lalacewa ba daidai ba, kwali-kwali muka warware har asuba. Abin toshe kunne kuwa kada ka yi wasa da shi, ni yanzu kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Maman Biyu: Malam, tambaye su: kamfanin ne ya ɗauke ka ko ɗan kwangila? Ni ta hannun ɗan kwangila na shiga, shekara biyu ba hutu, ba asibiti, alhali aiki ɗaya muke yi da na dindindin. Har yau abin na min ciwo.

Sabon Shiga: Na gode Yaya, na gode Hajiya. Gobe zan nemi takardar ɗaukar aikin in karanta kafin in sa hannu.