An ce in koma asibiti bayan hoton mama, ina neman shawararku

Mai tambaya:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon shugabar wannan zaure ta saka mini saƙon nan ba tare da sunana ba. Ni malamar makaranta ce a Ɗorayi, shekarata 46, kuma na daɗe da yaye autana. A watan Oktoba, lokacin da ake gangamin wayar da kai game da sankarar mama, wani asibiti a nan Kano ya yi rangwamen kuɗin hoton mama na mamogiram, muka je tare da abokan aikina. Ba ciwo ne ya kai ni ba, ban kuma taɓa jin ƙullutu ko ganin wani canji a jikina ba, wannan ne ma karo na farko da aka yi mini irin wannan hoto. Waɗanda muka je tare an sallame su lafiya, ni kuwa sai aka kira ni ta waya aka ce in koma a ƙara ɗaukar hoton mama na hagu, a kuma yi mini sikanin. A takardar da aka ba ni an rubuta BI-RADS 0.

Abin da ya ƙara ɗaga mini hankali shi ne goggona, ƙanwar mahaifina, wannan ciwo ne ya zama ajalinta. Da na gaya wa yayata, sai ta ce kada in kuskura in koma, domin daga hoto sai a ce za a soka allura, shi kuwa daji ba ya son ƙarfe, kuma a cewarta allurar ce ta ƙarasa Goggo. Maigida ban gaya masa ba tukuna. Don Allah masu sani ku taimaka: mene ne ma'anar wannan kira, shin sun ga ciwon ne suke ɓoye mini, kuma in koma wurinsu ko in canza asibiti?

Likitar sashen hoto, daga Tarauni:

Wa'alaikumus salam. Malama, Allah ya ba ki lafiya. Bari in fara da takardar da ke hannunki, domin ita ce ta fi kowa sanin abin da ake ciki. BI-RADS ma'auni ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara, likitoci a ƙasashe da yawa har da Nijeriya suna aiki da shi, kuma yana tafiya daga 0 zuwa 6. Lamba 1 na nufin ba a ga komai ba, 2 an ga abu amma ba mai cutarwa ba ne. Lamba 3 na nufin da wuya abin ya zama sankara, yiwuwar ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, ana sake dubawa bayan wata 6. A 4 da 5 ne ake cewa a ɗebi ɗan nama a gwada, 6 kuwa ta wadda gwaji ya riga ya tabbatar tana da ciwon ce. Ke an ba ki 0, wato likita bai gama karanta hoton ba saboda abin da ke gabansa bai ishe shi yanke hukunci ba. Da ya ga abin da ya yi kama da sankara ƙarara, da ba zai rubuta sifili ya ɓoye miki ba, domin takardar likitoci ne za su yi aiki da ita, ba a rubuta ta don lallashi.

Dalilan kira suna da yawa. Ana matse mama tsakanin faranti biyu a ɗauki hoto daga sama da kuma daga gefe, wani lokaci nama yakan hau kan nama ya fito kamar dunƙule, idan aka sake matsa daidai wurin aka ɗauka sai a ga babu komai. Wani lokaci ƙullutu ne mai ruwa a ciki, wanda ya zama ruwan dare ga mata masu shekarunki da ba su daina al'ada ba, ko wani ƙullutu mai santsi da ba ya yaɗuwa. Akwai kuma ɗige-ɗigen sinadarin kalsiyam, waɗanda akasarinsu ba su da illa, sai dai idan sun yi ƙanana sun taru wuri ɗaya akan so a faɗaɗa hoton a duba siffarsu. Sannan akwai yanayin halittar maman kanta. Kitse yana fitowa baƙi-baƙi a hoto, naman da ke yin nono yana fitowa fari, ƙullutun sankara ma fari yake fitowa, saboda haka idan mace tana da cunkushewar wannan nama aikin likita yakan zama kamar neman farin zare a kan farar shadda. A nan ne sikanin yake taimakawa, domin yana bambanta ƙullutu mai ruwa da mai tauri.

Ki lura da cewa wannan ne hotonki na farko. Mata sun fi samun kira a karon farko, domin babu tsohon hoto da za a ajiye gefe a ce wannan inuwar ta daɗe a nan ba ta canza ba. A Amurka ana sake kiran kusan mace 1 cikin 10 da aka yi wa hoton, kuma cikin waɗanda aka kira ɗin, waɗanda ake samu da sankara ba su kai 1 cikin 10 ba. A Ingila ana kiran kusan 4 cikin 100, a sami ciwon a jikin kusan 1 daga cikin huɗun. Ko ta wane lissafi aka bi, mafi yawan waɗanda aka kira suna komawa gida lafiya.

Shawarata ki koma inda aka yi miki hoton, domin suna da shi a na'urarsu kuma sun san daidai wurin da suke son dubawa. Idan kika zaɓi zuwa wani wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, to ki karɓi hotunan kansu a faifai ko a fim tare da rahoton, kada ki tafi da takarda kawai, in ba haka ba daga farko za a sake. Ki kuma gaya wa likita batun goggonki da shekarun da take lokacin da ciwon ya kama ta, domin dangin uba ma ana lissafa su kamar dangin uwa.

Hajiya daga Fagge:

'Yata, ni ma an taɓa kirana haka, na tafi jikina yana rawa. Da aka ɗora na'urar sikanin sai likitar ta juyo mini da allon ta nuna mini wani baƙin zagaye ta ce ruwa ne kawai, ba a ma taɓa shi ba. Ki je da wata ta raka ki, domin mutum idan hankalinsa a tashe yake rabin bayanin likita ba ya shiga kunnensa. Allah ya sa mu ji alheri.

Wata 'yar'uwa daga Kurna:

Ni dai ina bayan maganar yayarki. Mun ga mata da yawa suna zaune lafiya, ana taɓa su da allura sai ciwo ya buɗe. Me zai hana ki fara gwada na gargajiya da addu'a na 'yan watanni, idan ba a dace ba sai ki koma?

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyata, daga Gwale:

'Yar'uwa ta Kurna, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma ba zan iya yin shiru a kan wannan ba, domin a ɗakinmu ake kwantar da waɗanda suka bi wannan shawara. Da farko, Malama ba a ce tana da ciwo ba, to maganin mene ne za ta sha na watanni? Abin da aka nema gare ta hoto ne da sikanin, babu ɗayansu da ake soka komai.

Batun allura kuwa, abin da kuke gani gaskiya ne, fassarar da kuke yi masa ce ba daidai ba. Mafi yawan matanmu ba sa isowa asibiti sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4, bayan an sha jiƙe-jiƙe, an shafa, an yi tsaga, wani lokaci har ya fashe ya kama hammata. A lokacin ne ake ɗibar nama a gwada, idan rai ya yi halinsa bayan ɗan lokaci sai dangi su tuna da allurar da suka gani da idonsu, su manta da shekarar da aka ɓata a gida. Ɗibar naman ba ta mayar da ƙullutu mara illa ya zama sankara, kuma ita ce kaɗai hanyar da ake tabbatar da ko mene ne. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a bi da wata allura a ƙarƙashin sikanin a ɗebi 'yan siraran nama, a rufe da filasta, mace ta koma gida a ranar. Abin da ke biyo baya yawanci ɗan tsami ne da taruwar jini na 'yan kwanaki. Wadda take shan maganin tsinka jini kamar asfirin ko warfarin ta faɗa tun kafin a fara. Ko da sakamakon ya nuna ciwon, wannan naman ne zai nuna irinsa, ya nuna ko yana jin maganin da ke toshe sinadarin jikin mace, wanda a kansa ake tsara magani. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Anti daga Hotoro:

Ina so in ɗan ja hankalinmu, kada garin kwantar mata da hankali mu sa ta yi sakaci. Idan an ce mafi yawa suna fita lafiya, to akwai waɗanda ba sa fita, kuma ni ina cikinsu. Nawa a hoto aka gan shi tun hannu bai iya jin sa ba, aka cire wurin kawai ba a cire maman gaba ɗaya ba, aka yi mini gashi, wato gasa wurin da hasken na'ura, ina kan shan ƙwayoyi har yanzu, ina kuma zuwa aikina. Amfanin hoton ke nan, shi ya sa kiran da aka yi miki bai kamata ya kwana a jaka ba. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 suka rasu, kuma babban abin da ke jawo yawan mutuwar shi ne jinkiri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa burin a kammala duk binciken mace cikin kwana 60 daga ranar da ta fara zuwa, tun daga hoto har sakamakon nama. Ki ɗauki wannan a matsayin iyaka, kada ki ce sai an yi hutun makaranta ko sai bayan wani biki.

Maman 'yan biyu, daga Sharaɗa:

Malama, ki gaya wa maigidanki yau. Ba sai kin ce masa ana zargin wani abu ba, tunda ba a ce haka ba, ki ce hoton bai fito yadda likita yake so ba an ce a ƙara. Idan kika ɓoye, daga baya aka buƙaci kuɗi ko sa hannu, bayanin zai fi yi miki nauyi. Tunda ke malama ce, idan ta gwamnatin jiha ce ki tuntuɓi asibitin da kika zaɓa a tsarin KSCHMA, wato tsarin kiwon lafiya na taimakekeniya na jihar Kano, ki ji abin da tsarin ya ɗauke miki da kuma yadda ake samun takardar turawa, kafin ki zaro kuɗi daga aljihunki. Yayarki kuma ki bi ta a hankali, tsoron abin da ya sami Goggo ne yake magana a bakinta, wataƙila ita ma ya kamata a yi mata hoton.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gaya wa maigida bayan sallar isha'i, ya ce shi zai kai ni, na kuma kira asibitin sun ba ni rana a mako mai zuwa. Likita, sauran tambaya biyu. Ranar za ta iya haɗuwa da al'adata, shin in ɗaga? Sannan ƙarin hoto a kan hoto ba zai yi mini illa ba?

Likitar sashen hoto, daga Tarauni:

Kada ki ɗaga. Al'ada ba ta hana hoton fitowa, abin da kawai take jawowa shi ne mama takan yi tsami a kwanakin, matsawar ta fi zafi, kuma farasitamol kafin ki fita yakan rage shi. Hasken X-ray da ake amfani da shi kaɗan ne, hoto ɗaya na mama biyu bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da iska cikin kusan mako 7 ba, sikanin kuwa da sauti yake aiki, babu wannan hasken a cikinsa ko kaɗan. Idan akwai yiwuwar kina da juna biyu, ki faɗa kafin a fara.

Ranar kada ki shafa hoda, mai ko turaren hammata a ƙirji da hammata, domin wasunsu suna fitowa a hoto kamar ɗige-ɗigen da ake nema. Ki sa riga da zane maimakon doguwar riga, kina kuma da damar neman mace ta ɗauke ki. Wannan zuwan yakan fi na farko daɗewa, domin likita yana duba hotunan kina nan, yana iya cewa a ƙara wani. Kafin ki fito ki tambayi sabuwar lambar da aka ba ki da ranar da za ki dawo, ki sa a rubuta miki, ki kuma karɓi kwafin hotunan ki adana su domin na gaba. Idan kafin ranar kika ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko jini ya fito daga kan nono, ko fatar wurin ta lotsa, ki je washegari ki nuna musu, kada ki jira ranar da aka ba ki.