Gara ta ci rabin adakar Baba: me zan karanta bayan Shaihu Umar?

Tela Bakin Tasha:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, karatuna duk na bayan sallar isha'i ne, in na rufe shago. Watan jiya na buɗe adakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tarar gara ta yi mana ta'adi. Magana Jari Ce na biyu ta cinye shi tun daga bango har tsakiya, ina ɗagawa sai jar ƙasa ke zuba. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ne suka tsira, don ya naɗe su cikin wani tsohon rawani.

Dare biyu na yi na gama Shaihu Umar. Rabona da shi tun ina aji biyu na sakandare, lokacin don jarrabawa kawai muke haddace shi. Wannan karon ba Umar ne ya kama ni ba, uwarsa ce, matar da ta bar gida ta bi hamada tana neman ɗanta. Na kai wurin sai da na ajiye littafin na fita waje na sha iska. Daga ranar na kafa wa kaina doka: da magariba waya ta tafi wurin mai caji, ba ni karɓo ta sai da safe. Shafi goma kullum, ko da kuwa ɗinkin biki ya danne ni.

Tambayata biyu ce. Wane littafi na tarihin rayuwar wani mutum zan samu da Hausa? Sannan waƙa: na sayi Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, wallahi ba na wuce shafi uku sai barci. Laifina ne ko na waƙar?

Tsohon Malamin Hausa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, laifinka ne, amma ba babba ba. Da ido kake karanta waƙar, ita kuwa ba don ido aka yi ta ba. Rubutacciyar waƙa tana da kari da amsa-amo, ba ka jin su sai ka ɗaga murya ka rera. Ka taɓa jin makafi na bara da Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin masallacin Juma'a? To ka tsaya ka saurara, ka ɗauki muryar, ka koma gida ka buɗe littafin. Shi kansa Namangi makaho ne, Bazazzagi, da ka ya tsara ta. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin yaron da ya so waƙa daga kallon allo ba, sai ranar da na rera masa. Baiti biyar a dare ya ishe ka. In harshenka ya saba, ka nemi Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, amma ka ajiye ƙamus kusa, don mutumin Jega ba ya tausayin mai karatu.

Kan tarihi kuwa, ka fara da ɗan littafin da Malam Aminu Kano ya rubuta kan rayuwar Sa'adu Zungur. Siriri ne, dare biyu ka gama. In ka san mutumin da irin gwagwarmayarsa har rasuwarsa a 1958, sai waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta buɗe maka. Ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Uwar Tagwaye:

Malam, a gafarce ni, duk maza kuka lissafa. Ɗan'uwa, tunda uwar Umar ce ta taɓa maka zuciya, Baba ta Karo za ka nema. Tsohuwa ce Bahaushiya da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, aka buga da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da na Hausa, Labarin Baba. Tana ba da labarin harin bayi da ta gani tana yarinya, da zuwan Turawa, da aure-aurenta, da ƙawance da bori, ba kunya ba ƙawa. Kamar kana zaune gaban kakarka tana kaɗi tana magana. Ni a kicin na karanta shi, ina jiran wake ya nuna, har sau biyu ya kama.

Kuma kar wani ya raina maka littattafan Kano. Ka karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ka zo mu yi magana kan mazan da ke wofintar da iyali. Mijina ya fara shi yana dariya, ya gama shiru.

Ɗan Kwalejin Nan:

Yaya, abin da ya tsira a adakarku ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 suka fito, wadda Baturen nan Dokta East ya shirya a Zariya, tare da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. In kana so ka cike biyar ɗin, ka bar Idon Matambayi ƙarshe, ni dai bai zauna min ba. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam ba tarihin rayuwa ba ne kai tsaye, labarin tafiyarsa Ingila ne a 1943 ana tsakiyar yaƙi, amma za ka ga mutumin a ciki. Sai dai ka duba bugu kafin ka biya. Na taɓa sayen wani a kasuwa, shafi goma sha shida babu, mai shagon ya ce ai haka aka rubuta shi.

Tela Bakin Tasha:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, jiya na gwada. Na zauna kan tabarma na ɗaga murya da waƙar giya ta Mu'azu, maiɗakina ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Baiti na huɗu sai ga babban ɗana yana kama min amshi da abin da ya ga dama. Ban yi barci ba sai wajen sha ɗaya, kuma yau da safe na tsinci kaina ina rera ta ina taka keke, har na karkata wuyan rigar wani.

Hajiya, Labarin Baba fa? Na tambayi masu littattafai biyu a nan, ɗaya ya miƙo min littafin addu'o'i. Ranar Asabar zan shiga Kano sarin yadi, in akwai layin da zan duba a Sabon Gari ko Kurmi, ki kwatanta min. Sauran littattafan mahaifinmu kuma na kwashe su daga adakar, na sa a bokitin roba mai murfi.