Wane suna za mu sa wa ruwan da ke fito da hoto a fim?

Assalamu alaikum, malamai da masu sana'ar hoto. Muna shirya wata ƴar takarda da Hausa domin matasan da ke koyon wankin fim baƙi da fari a nan Yamai, sai aikin ya cije a kan kalma guda, wato sunan ruwan farko da ake zuba wa fim, wanda Faransawa ke kira révélateur, Ingilishi kuma developer. A bakin masu sana'a "magani" ne ko "ruwan wanki", amma waɗannan sunaye sun haɗe ruwa uku da aikinsu ya bambanta, alhali takardar tana kwatanta lokacin na farkon ne kaɗai.

Ga abin da ake son faɗa. D-76 na kamfanin Kodak, wanda ya fito a 1927, da ID-11 na kamfanin Ilford, dukkansu irin wannan ruwa na farko, kusan haɗin sinadarai ɗaya ne: a tsarin asali, kowace lita tana ɗauke da giram 2 na metol, giram 5 na hidrokinon, giram 100 na sodiyam salfait da giram 2 na boras. Shi ya sa fim ɗin Ilford mai suna HP5 Plus ke ɗaukar minti 7 da rabi a cikin kowannensu, idan an zuba shi zalla a zafin digiri 20. Da an sirka ID-11 da ruwa daidai wa daida kuwa, lokacin ya koma minti 13. Shi Rodinal, wanda Agfa ta fitar tun 1891, dangi ne daban, ana sirka kashi ɗaya nasa da ruwa kashi 25 ko 50, don haka ba a ɗaukar lokacinsa a ɗora wa waɗancan.

Wani ya kawo "mai rayawa", yana bin ma'anar Ingilishi, amma wanda duk ya ji wannan zai ɗauka maganar raya ƙasa ake yi. Wani kuma ya ce "ruwan tono", kuma ba ta rasa daɗin ji ba, sai dai tono yana zuwa da ƙazanta ko asiri, ga shi kuma ba abin da ake haƙowa a fim. Abin da ke faruwa shi ne, haske ya riga ya taɓa ƙwayoyin gishirin azurfa da ke jikin fim ya bar hoto a ɓoye, ruwan nan kuma yana mai da ƙwayoyin da hasken ya taɓa su zama baƙar azurfa, kuma muddin fim yana ciki baƙin yana ƙaruwa, kamar yadda zane ke ƙara duhu a marina gwargwadon tsomawa.

Saboda haka shawarata ita ce "ruwan bayyanawa". Ta dace da ainihin aikin, ta yi daidai da kalmar Faransanci da masu hoto na Nijar suka saba gani a jikin fakiti, kuma tana haifar da "lokacin bayyanawa", wanda shi ne kan jadawalin da muke bukata. Da ita ana iya rubuta jimla irin wannan ba tare da kame-kame ba: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan famfo a Yamai ko Tawa kan wuce digiri 30, wajibi ne a sanyaya ruwan bayyanawa da ƙanƙara, domin kowane digiri guda na ƙarin zafi yana rage lokacin da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma Kodak ta gargaɗi cewa lokacin bayyanawa da ya gaza minti 5 yakan bar fim da dabbare-dabbare.

Sunan ruwa na biyu, mai dakatar da aikin na farkon, ba shi da wahala, "ruwan tsayarwa" ya ishe shi. Na ukun, mai narkar da ragowar gishirin azurfa don kada haske ya ɓata hoton, muna tsakanin "ruwan kafewa" da "ruwan tabbatarwa", kuma a nan ne muke jiran ra'ayin malaman Hausa da na tsofaffin masu hoto kafin a kai takardar wurin bugawa.