Yaro mai galahanga da hidimar dangi: a je da shi ko a bar shi gida?

Ummu Yara, Gyallesu:
Assalamu alaikum. Yaro ne ɗan shekara 6, likita ya ce galahanga gare shi, wato otizim a bakin asibiti. Yana magana kaɗan-kaɗan. Da an shiga gidan biki ko suna sai ya toshe kunne, ya zube ƙasa yana ihu, jama'a su yi masa caa. Uwarsa ta daina fita, dangi sun fara cewa ta yanke zumunci. Ga Sallah ta matso. A riƙa barinsa gida ne, ko da dabara? Kuma yaya zai yi aboki?

Malamar Firamare, Samaru:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. A je da shi, amma ba tsakiyar hidima ba.

Ba taurin kai ne ke kayar da shi ba. Kunnensa da hancinsa da fatarsa suna ɗaukar abu da ƙarfin da ya fi namu. Dubi tsakar gidan suna da la'asar: lasifika, guɗa, janareto, turaren wuta, hayaƙin murhu, kuma kowace gwaggo sai ta jawo shi ta ja kumatu. Ga sabuwar shadda mai sitaci tana kartar wuyansa. Kafin ya zube, tulun ya daɗe da cika.

Don haka lokaci za a sauya. Suna, a je da hantsi, maza sun watse, mata ba su taru ba. Biki, a bari sai washegari a je barka. Zuwan farko minti 20 ya isa, a yi sallama tun yana cikin walwala. In aka jira sai ya fashe, abin da zai riƙe game da gidan ke nan, gobe ko layin ba zai yarda ya shiga ba.

Kwana biyu kafin ranar a riƙa nuna masa hotuna a waya bi da bi: keken da za a hau, ƙofar gidan, fuskar mai gidan, sai ƙofar gidansu a ƙarshe, don ya san za a dawo. A roƙi masu gida ɗaki ɗaya da ba kowa. A jaka a sa abincin da ya saba, ruwa, abin wasansa, da abin rufe kunne, amma a fara gwada shi a gida, wasu yaran ba sa jure komai a ka. Kayan Sallah a wanke su sau biyu, ya saka su a gida tukuna.

Ihun yana da manzanni: kaɗa hannu ya ƙaru, yana zagaye, yana maimaita kalma ɗaya, yana jan hijabin uwarsa zuwa ƙofa. A nan ake fita. In ya riga ya zube, mutum ɗaya ya tsaya kusa, a rage magana, a kori 'yan kallo, a kawar da abin da zai buge. Tsawa da duka tsawaita abin kawai suke yi.

Baban Yara, Tudun Wada:
Malama ta gama da biki. Batun aboki, kuskuren da aka fi yi shi ne a tura shi cikin yaran layi su goma a ce ya saba. Ba zai saba ba, abin tsokana zai zama. Yaro ɗaya ake nema, mai haƙuri, in da hali ɗan dangi da ya ɗan girme shi. Ya riƙa zuwa gida a rana ɗaya, lokaci ɗaya kowane mako, misali Alhamis da babu Islamiyya, minti 15 zuwa 30, babba na zaune kusa.

A fara da abin da yaron ke so. In jera marafen kwalba yake yi, baƙon ma ya zauna gefe ya jera nasa. Ko ba su ce wa juna uffan ba, wasa ne. Bayan makonni a shigo da karɓa-karɓa: gara ƙwallo, "naka", "nawa". Ludo da langa sai can gaba, dokokinsu sun yi yawa. Shi ma baƙon a gaya masa gaskiya, kuma kada a mayar da shi ɗan raino, zai gudu.

Sai gaisuwa. Da yawan masu galahanga maimaita abin da suka ji suke yi. Ka ce "gaida Kawu", ya ce "gaida Kawu", a kwashe da dariya. Ka faɗi abin da kake so ya faɗa: "Ina kwana, Kawu." Kallon ido kuwa a ƙyale shi, mu da ma sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne.

Ma'aikaciyar Jinya, Sabon Gari:
Abu ɗaya da ba a ambata ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro: sulalewa. Yaran nan sukan fice ba sallama, ruwa kuma yana jansu. Gidan da za a je, a duba rijiya a rufe take? Akwai kududdufi a bayan layi? A cikin birni da damina wannan ba wasa ba ne. A sa mutum ɗaya takamaimai ya riƙe shi, don a taro kowa zato yake yana wajen wani. A ɗinka lambar waya a cikin rigarsa. Wasan ɓuya kada a fara.

Hawan Sallah a fada ni dai ban ba da shawara ba bana: 'yan bindiga, kakaki, dawakai, turereniya. Ya kalla a waya, yawon Sallah gida biyu ya wadatar.

In ba a gwada jinsa ba, a nemi a gwada a asibitin koyarwa na Shika. Kuma a daina ɗora wa uwa laifi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da galahanga, ya fi yawa a maza, ba tarbiyya ke kawo shi ba, ba rigakafi ba. Addu'a a yi ta yi, amma turara masa hayaƙi a ɗaki rufe cutarwa ce.

Ummu Yara, Gyallesu:
Allah ya saka da alheri. To masu cewa sangarta ce fa?

Malamar Firamare, Samaru:
Kada uwar ta tsaya bayani a tsakar gida. A samu babba ɗaya da ake jin maganarsa, kaka ko kawu, uban yaron ya same shi tun kafin ranar. Magana uku ta isa: "Lalura ce, likita ya gani. Hayaniya na yi masa ciwo. In mun tashi da wuri ba raini ba ne." Shi zai isar wa sauran. Ƙawayen uwar kuma su riƙa zuwa mata ɗaya-ɗaya, su buga waya kafin su taso.