Makarantar da ta ce duk ɗalibanta sun ci WAEC, a yarda ko a bincika?

Maman Ilham

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema musamman wajen malaman makaranta da iyayen da suka riga mu yaye yara daga sakandare. 'Yata ce ta gama JSS3 bana, muna so mu canza mata makaranta don inda take ɓangaren kimiyyarsu ba ƙarfi, ita kuma ta kafe likita take son zama. Makarantu biyu muke ta kai kawo a kansu nan Kano. Ta farkon sun manna wata ƙatuwar fosta a bakin get da hotunan yara, wai duk waɗanda suka zana WAEC bara sun samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ɗari bisa ɗari, wasu ma A1 ne a jere reras. Ta biyun da na tambayi furinsifal ɗin sai ya ce min shi ba zai ɓoye min ba, wajen biyu cikin uku ne suka haɗa biyar ɗin, sauran sai da suka gyara da NECO. Kuɗin makarantar kusan ɗaya ne. Babansu ya ce magana ta ƙare ai sakamako shi ne shaida, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, ace yara kusan ɗari ba ko ɗaya da ya faɗi Lissafi? Shin sakamakon WAEC kaɗai ya isa a auna makaranta da shi ko akwai abin da ya kamata in duba?

Malamin Fiziks

Wa alaikumussalam Hajiya. Hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya. Na koyar a makarantun kuɗi kafin in koma ta gwamnati, bari in faɗa miki yadda ake haɗa ɗari bisa ɗarin nan a wasu wuraren, ban ce duka ba.

Hanya ta farko ko satar amsa babu a ciki. Yara sun shigo SS1 aji uku cike, ana zuwa ƙarshen SS2 sai a yi musu jarrabawar tacewa, duk wanda aka ga yana tangal-tangal a Lissafi ko Turanci sai a kira iyayensa ofis a ce ko ya maimaita aji ko a je a yi masa rajista a wata santar jarrabawa, yawanci can wani ƙauye. Yaron zai ci gaba da zuwa aji da yunifom ɗinsu yana biyan kuɗinsu amma ran jarrabawa sunansa ba ya cikin jerin makarantar, in ya faɗi ba a kansu ya faɗi ba. Kamar mai tumatir ne a 'Yankaba, manyan a saman kwando, ba ƙarya ya yi miki ba amma ba ki ga ƙasa ba. Don haka tambayar da za ki yi musu ita ce yara nawa suka shiga SS1 a wannan rukunin, nawa ne suka zana da sunan makarantar. In kika ga an fara kame-kame to kin samu amsarki.

Hanya ta biyu kowa ya santa sai dai ba a son faɗa. A zangon ƙarshe za a ce a kawo kuɗin rajista, sai ki ga ya ninka abin da hukumar ta sa, in kin tambaya a ce sauran na hidima ne. Wace hidima? Ruwa da lemo da ambulan na mai sa ido, da malamin da za a kulle a wani ɗaki a bayan makaranta ya warware tambayoyin a kawo a rubuta a allo. Na taɓa ganin aji guda sun rubuta amsa iri ɗaya har da kuskuren da malamin ya yi wajen kwafa, alamar ragi ya manta, su ma duka suka manta. Wlh tun ranar na daina kallon fosta.

Baban Khalifa

Malam na ji bayaninka kuma ban musa ba, amma kar mu sa baiwar Allah nan ta raina sakamako gaba ɗaya. In ba da jarrabawar waje ba da me za mu auna? Da katin sakamakon da makaranta ke bayarwa ƙarshen zango? Wannan ai su suka koyar, su suka fitar da tambaya, su suka yi makin, kowane yaro na ɗaya ne ko na biyu don kar uba ya ji haushi ya cire shi. WAEC tun 1952 take, NECO tun 1999, duk lalacewarsu takarda ɗaya ce ake ba ɗan talaka da ɗan gwamna, kuma mai makin bai san ɗan waye ba. Sannan maganar gaskiya jami'a ba ta tambayar ko yaro ya fahimci darasi, kiredit take tambaya. Yarinyar nan likitanci take so, sai ta haɗa Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, jami'o'i da yawa ma a zama ɗaya suke so a wannan kwas ɗin ba a haɗa WAEC da NECO ba. In ta je inda ɗaya cikin uku ke faɗuwa ta faɗa cikinsu, gaskiyar furinsifal ba za ta ba ta gurbi a BUK ko ABU ba. Ni ina bayan maigidanki da sharaɗin a bincika maganar da Malam ya yi.

Ɗan Zariya

Baban Khalifa ka ce takarda ɗaya ce, haka ne, amma ma'aunin kansa yana rawa fa. Ka tuna abin da ya faru a 2025? WAEC ta fito ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne, gari ya ɗauka ana ta zagin malamai da yara da TikTok, ba a yi sati ba suka dawo suka ce an samu matsala wajen makin takardun da aka jujjuya tambayoyinsu, sabon adadin 62.96 ne. Yaran su ne dai, malaman su ne dai, makarantun ba su motsa daga inda suke ba. A shekarar ne kuma aka ga yara suna rubuta Turanci da daddare da fitilar waya saboda takarda ba ta iso da wuri ba. To in makaranta ta faɗi a irin wannan ranar laifin malamin Turanci ne?

Ni shawarata Hajiya ki ce su nuna miki makin JAMB na waɗannan yaran na jikin fosta. JAMB a kwamfuta ake yi, a santar da ba ta makarantar ba, maki 400 ne darasi huɗu, ba malamin da zai rubuta maka a allo. Ita ma ba tsarkakakkiya ba ce, a 2025 ɗin shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede da bakinsa ya amsa cewa an samu tangarɗa da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas aka sake musu, amma dai satar amsa a can ta fi wuya nesa ba kusa ba. Yaron da ya jera A1 a Fiziks da Kemistiri sannan ya kasa kai 180 a JAMB, kuma ba shi kaɗai ba duk ajinsu haka, ba sai an yi miki dogon bayani ba. A shekarar fiye da miliyan ɗaya da rabi cikin wajen miliyan 1.9 ba su kai 200 ba, ki haɗa wannan da yawan fostocin ɗari bisa ɗari da ke garin nan ki gani ko lissafin zai fita.

Anti Malama

Ni ta wani ɓangaren zan zo, don a makarantar gwamnati ta 'yan mata nake koyarwa a wajen gari kuma abin nan yana ci min rai. Duk lokacin da sakamako ya fito sai a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, mu kullum muna can ƙasa, a kira furinsifal a yi mata faɗa ita ma ta dawo ta sauke a kanmu. Ba wanda ke tambayar a wane hali yaran suka zo mana. Wlh akwai yarinyar da ke shigowa JSS1 ba ta iya karanta jimla ɗaya ba, ba Turanci ba ko Hausa, sai ta bi da yatsa tana haɗa baƙi da wasali, da safe ta yi talla kafin ta zo, a aji su fi tamanin wasu a ƙasa. In na ɗauki wannan yarinyar na kai ta ta samu D7 a Turanci ni na san aikin da na yi, amma a takarda bai kai kiredit ba, kamar faɗuwa ake ɗaukarsa. Makarantar da ke yin jarrabawar shiga ta zaɓi yaran da iyayensu ke da digiri, ana musu lesin a gida, akwai wuta akwai littafi, ko malaman sun yi barci rabin shekara yaran nan za su ci. To wa ya fi koyarwa tsakaninmu?

Ga kuma kwalifayin da ake yi a SS2 nan Kano, wadda sai ka ci gwamnati ke biya maka kuɗin NECO. Niyyar mai kyau ce amma ku zo ku ga yadda zangon yake komawa, ba a koyar da komai sai tsofaffin tambayoyi, haddar amsa kawai, duk abin da aka san ba ya fitowa tsallake shi ake yi ko da shi ne ginshiƙin darasin. Firaktikal kuwa sai an ji ƙishin-ƙishin abin da zai fito sannan a buɗe lab a share ƙura, yarinya ta gama sakandare sau ɗaya ta taɓa riƙe kwalbar gwaji.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka da suka ɗaura kuɗin makaranta da aikin malami a kan makin jarrabawa bayan dokar ilimi da shugaban ƙasar George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, a birnin Atlanta malamai da shugabannin makarantu suka riƙa zama suna goge amsoshin yara suna gyarawa, a 2015 kotu ta kama 11 daga cikinsu da laifi. A Ingila kuma tun 2016 suka ƙara wani ma'auni, ana duba makin yaro lokacin da ya gama firamare a kwatanta da abin da ya samu yana ɗan shekara 16, a ga makarantar ta ɗaga shi ko ta bar shi inda yake. Da irin wannan ake mana da wasu masu fostar sun sha kunya.

Baban Khalifa

Anti Allah ya saka da alheri, aikinku sai Allah. Amma ita Maman Ilham ba ma'aikatar ilimi ba ce da za ta raba wa makarantu lambar yabo, uwa ce mai 'ya ɗaya a gabanta. Ko da zaɓen yara suke yi, zama cikin masu ƙoƙari shi ma yana ja, yaro yana ganin na kusa da shi yana karatu shi ma zai buɗe littafi.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na karanta wa babansu duka, ya yi shiru a wajen maganar JAMB ɗin nan don ɗan yayansa haka ya yi, sakamako kamar a sa a firam amma shekara biyu yana zana JAMB. Malam in na koma ranar Litinin bayan yawan yaran me zan ce su nuna min? Kar in je in tsaya ina kallon fenti da fanka.

Malamin Fiziks

Hajiya kar ki je ranar da suka ba ki, ki faɗa musu kawai da tsakar rana ana cikin darasi. Ki ce a ba ki littafin rubutun wata 'yar SS2 na Kemistiri ko Lissafi, ba wanda za su zaɓo ba, ke ki nuna yarinyar. Ki buɗe ki ga yaushe rabon malami ya sa jan biro a ciki, kuma in ya sa gyara yake yi ko dai alamar ya gani kawai yake bugawa ya wuce. Ki leƙa lab ki duba ko famfon yana kawo ruwa, kwalaben akwai abu a ciki ko wanke su aka yi aka jera. Ki tambayi malamin Fiziks da na Kemistiri shekararsu nawa a makarantar, in kowace shekara sabo ne ko masu bautar ƙasa ne kaɗai ke riƙe da ajin ƙarshe to akwai matsalar albashi a wajen kuma yaran ne ke biya. Sai takardar sakamakon da WAEC ta turo wa makarantar ta shekara uku a jere, cikakkiya mai sunan kowa, ba hoton mutum goma na bakin get ba. Ki tambayi nawa suke karɓa na rajistar SS3 ki kwatanta da na hukuma.

Ita ma ta biyun kar ki ɗaga mata ƙafa don furinsifal ya yi magana mai daɗi, ki tambaye shi waɗanda suka faɗin a wane darasi suka faɗi, in duk a Lissafi ne shekara da shekaru kuma malamin bai canza ba to Ilham ma shi zai koyar. In da hali ki tafi da ita ta zauna a aji ɗaya a kowace makaranta, ku dawo gida ki ce ta maimaita miki abin da aka koyar.