Me ya sa alminiyam ya yi shiru a cikin asid?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina aji 2 na babbar sakandare, akwai abin da ya ɗaure mini kai tun makon jiya.

A jerin ƙarfin ƙarafa, wato jerin da ke nuna wanne ya fi saurin haɗuwa da wasu sinadarai, alminiyam yana ƙasa da magniziyam amma yana sama da zink da baƙin ƙarfe. Shi ya sa ba a raba shi da ma'adininsa da gawayi, sai da lantarki. To, da muka jefa su cikin asid haidurokulorik da aka sirka da ruwa, magniziyam ya yi ta tafasa, zink ya fitar da kumfar haidurojin, shi kuwa alminiyam shiru, sai bayan wasu mintuna. Malaminmu ya ce fatar oksaid ce ta rufe shi, wato siririyar fatar da ke samuwa a kansa idan ya haɗu da iskar oksijin.

Ga inda na tsaya. Mahaifiyata tana haɗa sabulu, ba ta yarda a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, domin tana cinye ta. Soda ai alkali ce, wato kishiyar asid. Yaya fatar da ta jinkirta asid ta kasa tsare alkali? Don Allah a taimaka mini da bayani, jarrabawa ta ƙarato.